Fulat a Bene da Lamunin Kashi 6: Nazarin Cinikin Wani Ma'aikaci a Gombe

Tun daga ranar 1 ga Oktoban 1996 da aka cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, garin Gombe yake ta faɗaɗa ta kowace kusurwa, kuma rikicin da ya raba dubban iyalai da gidajensu a Borno da Yobe ya ƙara masa jama'a fiye da abin da tsofaffin unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Pantami za su iya ɗauka. Filin da ke kusa da gari ya yi tsada, mai sauƙin kuɗi kuwa ko dai ya yi nisa da wurin aiki ko yana bakin kwarin da zaizayar ƙasa ke ci duk damina. Wannan ne ya sa wasu masu harkar gine-gine suka fara abin da aka fi sani a Abuja da Legas, wato su tayar da bene guda mai fulat da yawa, su sayar da kowane fulat ga mai shi daban maimakon su zuba 'yan haya. Wannan nazari ya bi ciniki guda irin wannan daga ƙarshen 2023 zuwa 2025. Na san shi ne ta ƙungiyar adashin ma'aikata da ni da mai sayen muke ciki, kuma na sakaya sunansa da na kamfanin ginin da na bankin da ya shiga tsakani.

Mai sayen jami'in mulki ne a wata hukumar gwamnatin tarayya da ke Gombe, yana da shekara 42 a lokacin, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Abin da ke shiga hannunsa a wata bayan an cire haraji da fansho ya kai naira dubu 300, yana biyan hayar naira dubu 450 a shekara, kuma yana da wani ɗan fili can bayan gari da ya saya da niyyar ginawa kaɗan-kaɗan kamar yadda yawancin ma'aikata ke yi, amma shekaru suka wuce bai wuce zuba tifar yashi da dasa bulo a kusurwoyi huɗu ba. Ginin da aka tallata masa yana ta wajen Tumfure, bene ne mai hawa biyu bayan na ƙasa, da fulat goma sha biyu, kowanne da ɗakin kwana biyu da falo da kicin da banɗaki biyu. An sa kuɗin kowane fulat naira miliyan 14 ga wanda ya shiga tun ana aiki, da sharaɗin ya ba da kashi 10 cikin ɗari kafin alƙalami. A watan Nuwamban 2023 ya haɗa kwasar adashinsa da ɗan abin da ya ajiye, ya biya naira miliyan 1.4.

Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda dokar 1992 ta kafa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, yake riƙe da shi. Shekara goma sha biyar ana cire masa kashi 2.5 cikin ɗari na tushen albashinsa ana zubawa a wannan asusu, bai taɓa tambayar inda kuɗin ke zuwa ba, kuma ba shi kaɗai ba ne a haka. Tsarin asusun shi ne duk wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi zai iya neman lamunin sayen gida ko gina shi a kan ruwan kashi 6 cikin ɗari a shekara, ya biya har tsawon shekara 30. Ba FMBN ke miƙa wa mutum kuɗin hannu da hannu ba. Yana ba wani bankin jinginar gidaje mai lasisi a kan kashi 4, shi kuma ya ba mai nema a kan kashi 6. Iyakar abin da ake bayarwa a lokacin naira miliyan 15 ce.

Sai dai shekara 30 ɗin nan ba kowa ke samunta ba, domin dole ne a gama biya kafin mutum ya ajiye aiki, shi kuwa zai yi ritaya ne yana da shekara 60, saboda haka shekara 18 ce ta rage masa. Akwai kuma ƙa'idar cewa abin da za a riƙa cirewa a wata kada ya wuce sulusin albashi. Da aka buga lissafi, kowace naira miliyan ɗaya a kan kashi 6 cikin shekara 18 tana cin kimanin naira 7,580 a wata, ke nan sulusin albashinsa, naira dubu 100, zai iya ɗaukar bashin da bai wuce miliyan 13.2 ba. Shi kuma miliyan 12.6 yake nema, wanda biyansa zai kama kimanin naira 95,500 a wata. Lissafin ya zauna daidai, amma da ƙyar, babu wani sarari a cikinsa.

Yana da kyau a ajiye wannan kusa da abin da bankin kasuwa zai ba shi, don a ga dalilin da ya sa bai ko leƙa can ba. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma a saman wannan suke ɗorawa. Idan aka ɗauki kashi 28 da shekara goma, naira dubu 100 a wata ba za ta ɗauki bashin da ya wuce miliyan 4 ba, ruwan wata ɗaya na miliyan 13 kaɗai kuwa ya fi albashinsa na wata gaba ɗaya.

Matsalar farko ba daga banki ta fito ba, daga kasuwar kayan gini ta fito. An janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, aka saki darajar naira a watan Yuni, kuma zuwa farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 a sassa da yawa na ƙasar nan. Kasancewar masana'antar siminti ta Ashaka a cikin jihar, can ƙaramar hukumar Funakaye, bai kare magina a Gombe daga wannan tashi ba. Rodi da kwanon rufi da wayar lantarki da tayil duk suka bi sahu. Lokacin an zuba dekin farko, an fara jera bulon hawa na biyu, sai aiki ya tsaya cik. Wanda ya je wurin a tsakiyar 2024 zai tarar da rodin ginshiƙai a tsaye sun fara tsatsa, katakon da aka tokare dekin da shi ya karkace saboda ruwan sama, maigadi kuma ya shuka kuɓewa a inda aka ce za a riƙa ajiye motoci.

A watan Agusta kamfanin ya aiko wa duk waɗanda suka ba da kafin alƙalami takarda cewa kuɗin fulat ya koma naira miliyan 19.5. Da mai sayen ya ɗauko yarjejeniyar da ya sa wa hannu, sai ya ga wani layi a shafi na uku da ya ba kamfanin damar sake duba farashi idan kayan gini sun tashi. Layin bai faɗi yadda za a auna tashin ba, bai sa iyaka ba, bai kuma ambaci ranar da za a gama ginin ko abin da zai biyo baya idan an saɓa ba. Ya sa hannu ne ba tare da lauya ya duba masa ba, domin ya ga mai kamfanin mutumin gari ne da ake sallah tare da shi. A ganina mai kamfanin bai yi ƙarya ba da ya ce kuɗin da ya tsara ba za su gama aikin ba, kowa ya ga abin da ya faru a kasuwa. Inda aka tauye masu saye shi ne yarjejeniyar ta ɗora musu dukkan nauyin tashin kaya, alhali kuɗin da suka bayar tun 2023 da su aka sayi simintin harsashi da na dekin farko a tsohon farashi.

Da wannan hujja aka je sulhu. Yayan mai sayen da wani dattijo da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa suka zauna da mai kamfanin, dattijon ya ce masa: "Alhaji, wanda ya riƙe maka tsani kana hawa ba a yi masa kuɗi ɗaya da wanda ya zo bayan ka sauko." Aka daidaita a kan cewa aikin da aka riga aka yi kafin tashin kaya za a bar shi a tsohon lissafi, aka tsayar da miliyan 18 ga waɗanda suka shiga tun farko. Duk da haka mutum uku suka ce ba za su iya ba, aka mayar musu da kuɗinsu a hankali, kuɗin da darajarsu ta riga ta zube, domin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024.

A nan ne abin da ya fi muhimmanci a wannan ciniki ya fito fili. Farashin fulat yana tafiya ne da siminti da dala, girman lamuni kuwa yana tafiya da albashi da shekarun da suka rage wa ma'aikaci, kuma duk watan da aka ƙara ana jira, na farkon yana hawa, na biyun yana sauka. Shekara ɗaya da ta wuce ta mayar da wa'adinsa shekara 17, kowace miliyan ta koma cin kimanin naira 7,830 a wata, wato da albashinsa bai motsa ba, abin da zai iya ranta ya ragu da kimanin naira dubu 400 ba tare da ya yi laifin komai ba. Abin da ya cece shi shi ne ƙarin albashin da ma'aikatan tarayya suka samu a 2024, wanda ya kai abin da yake karɓa kimanin naira dubu 360. Sulusin wannan ya ba shi damar neman miliyan 15 cif, a biya naira 117,500 a wata. Daga baya an ɗaga iyakar lamunin zuwa miliyan 50, labari ne mai daɗin ji, amma mai son ɗaukar miliyan 50 ko da a shekara 30 ne sai albashinsa ya kai kimanin naira dubu 900 a wata. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 kuwa, ko ya samu shekara 30 cur, abin da zai iya ranta bai kai miliyan 4 ba, kuma wannan ba ya sayen fulat a Gombe.

Ana cikin wannan sai batun takardu ya taso, shi ne kuma ya fi cin lokaci. Bankin jingina ba ya sakin kuɗi sai ya riƙe takardar da za ta tsaya masa idan mai bashi ya gaza. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99, wanda satifiket ɗin da ake kira C of O ke shaidawa, kuma sayar da shi ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Ga mai gidan ƙasa abin a bayyane yake, fili ɗaya, satifiket ɗaya. A bene mai fulat goma sha biyu kuwa satifiket ɗaya ne na kamfanin, mai fulat a hawa na biyu ba shi da wata ƙasa da zai nuna ya ce nan ce tawa, don haka sai an rubuta wa kowane fulat takardar mallaka tasa da ta rataya a jikin wancan satifiket, da zanen da ya nuna iyakarsa da rabonsa a matakala da harabar gida, a sami amincewar gwamna, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista.

Da lauyan bankin ya je bincike a hukumar GOGIS, wadda ke riƙe da bayanan filaye a jihar, sai aka gano cewa mai kamfanin ya riga ya jinginar da satifiket ɗin a wani bankin kasuwa lokacin da aiki ya tsaya, ya karɓi bashin da ya ci gaba da ginin da shi. Bai sanar da masu saye ba. Sai abin ya ɗaure: bankin jingina ba zai saki miliyan 15 ba sai an 'yanta fulat ɗin daga wancan bashi, wancan banki kuma ba zai saki ba sai an biya shi, mai kamfanin kuwa da kuɗin masu saye yake shirin biya. Mafitar da lauyoyi suka samo ita ce yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku, cewa kuɗin lamunin za su wuce kai tsaye zuwa bankin kasuwar, shi kuma ya rubuta cewa ya cire hannunsa daga wannan fulat. Watanni aka yi ana kai da kawo kafin a sa hannu, a cikinsu har hayar gidan da mai sayen ke ciki ta ƙare, mai gidan ya mayar da ita naira dubu 700. Wannan bincike da aka yi a ƙarshe, da an yi shi kafin a ba da kafin alƙalami, sannan aka rubuta a yarjejeniya cewa ba za a jinginar da filin ba sai da sanin masu saye, da an rage rabin wahalar.

Cike giɓin kuɗin bai ɗauki dogon lokaci ba. Tsakanin miliyan 18 da miliyan 15 akwai miliyan 3, ya riga ya biya 1.4, saura 1.6. Ƙa'idojin da Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta fitar a 2022 sun yarda ma'aikacin da ya yi aƙalla wata 60 yana zubi ya ɗauki har kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonsa ya biya kasonsa na sayen gida. Yana da kimanin miliyan 6, ya samu miliyan 1.5. Ragowar da kuɗin lauya da na mai kimanta gida da na rajista da inshorar gobara da ta rai, waɗanda suka haura miliyan ɗaya kuma babu wanda ya ambata masa su ranar da aka tallata masa fulat, sai da ya sayar da filinsa na bayan gari ya biya. Taɓa fansho ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da aka cire yau zai rage abin da zai riƙa karɓa bayan ritaya, kuma shi kansa ya san da haka.

Akwai wani ɓangare da takardun banki ba su da gurbinsa, amma a Gombe shi ne kan gaba a zukatan mutane da yawa, wato batun riba. Yayansa, wanda ya tsaya masa wajen sulhu, shi ne kuma ya fi nuna damuwa, ya ce masa ƙanƙantar ruwa ba ta canza hukuncinsa. Ɗaya daga cikin masu sayen ma a kan wannan ya janye, ba a kan farashi ba. Mai sayen ya tuntuɓi wani banki da ba ya harka da ruwa, irin waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan tun buɗe bankin Jaiz a 2012, inda banki ke sayen gidan ya ba mutum haya har ya mallake shi, ko su yi tarayya mutum ya riƙa sayen kason bankin sannu a hankali. Tsarin ya kwanta masa a rai, amma da yake kuɗin irin wannan banki na masu ajiya ne da ke jiran riba daidai da kasuwa, wa'adin ya yi gajere, biyan wata kuma ya fi ƙarfin albashinsa nesa ba kusa ba. Ya zauna da malamai, ya ji bayanin masu hanawa da na masu duba lalura, ya yanke shawararsa, kuma har yau ba ya son a ja maganar da tsawo. Abin da zan ce a nan shi ne ana cire wa ma'aikaci Musulmi kashi 2.5 kamar kowa, saboda haka haƙƙinsa ne ya sami ƙofar da ba ta da ruwa a cikin wannan asusu, a kan sauƙi iri ɗaya, a kuma kawo masa ita har jiharsa ya gan ta da idonsa.

An saki kuɗin a 2025, aka gama ginin, ya tare da iyalinsa a hawa na farko. A lissafin kuɗi zalla, abin da yake biya a shekara, kimanin miliyan 1.4, ya ninka hayar da ya bari, kuma cikin shekara 17 zai biya kusan miliyan 24. Amma naira 117,500 ɗin nan ba za ta ƙaru ba, haya kuwa ta tashi daga dubu 450 zuwa dubu 700 a gabansa, don haka ina ganin ta wannan fuska cinikin ya yi masa kyau. Gidaje 250 na shirin Renewed Hope da gwamnatin tarayya ta sa Gombe a cikin jihohin da za su samu, da sun zo hannu a lokacin da yake nema, da zai gwada su da wannan, musamman da yake gidajen ƙasa ne.

Zaman bene ya zo da nasa lissafin. Babu zaure da maigida zai karɓi baƙi maza, babu tsakar gida da mata za su sha iska ko su yi shanya ba tare da idon maƙwabta ba, uwargidan kuma ta daina daka a turmi tun ranar da na ƙasa suka aiko yaro cewa ƙarar tana sauka a kan gadon jaririnsu. Da Babbar Sallah ta zo, raguna takwas aka ɗaure a wurin ajiye motoci. Yayansa ya kuma tayar da maganar gado, domin gidan ƙasa ana iya ja masa katanga a raba wa magada, fulat kuwa sai dai a sayar ko ɗaya ya biya sauran. Sai kuma kuɗin hidima na wata-wata, na maigadi da kwasar shara da man injin da ke tura ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tankin sama idan babu wuta, da kwashe masai idan ya cika, wanda ya fara da naira dubu 12 ga kowane fulat, kuma ba ya cikin sulusin da banki ya auna.

Yarjejeniyar sayen ba ta ce komai a kan wanda zai gyara rufi ko famfon da ya ratsa bangon mutum biyu ba. A daminar farko kwano ya yi yoyo a kan fulat ɗaya na sama, mazauna ƙasa suka ce ba ruwansu, na sama suka ce rufin na kowa ne tun da shi ya rufe ginin duka. Mutum takwas da suka tare a benen sun kafa ƙungiya, sun sa wani lauya ya tsara musu ƙa'idar zama da asusun gyara da kowa zai riƙa zuba wani abu a ciki, amma mutum biyar ne kawai suka sa hannu. Fulat huɗu suna nan a hannun kamfanin, ya sa musu miliyan 24 kowanne, ba a samu mai saye ba, kuma mai kamfanin ya ce ba zai biya kuɗin hidimar ɗakunan da babu kowa a ciki ba, don haka kason nasu yana kan mutum takwas ɗin har zuwa lokacin da za a sake zama da shi.